A Jamus tsohon fiyano dukiya ne, mu kuwa kunyar namu muke ji

Duk shekara a watan Mayu ana yin wani baje koli a nan Berlin da ake kira Superbooth, na na'urorin kiɗa masu aiki da lantarki zalla. Masu ƙerawa suna zuwa daga Japan da Amurka da ƙasashen Turai, kowa da sabon abin da ya fito da shi. Sai dai in ka saurari hirar da ake yi a wurin, rabinta a kan tsofaffin kaya ne. Sabbin ma yawanci kwaikwayon na da ake yi, ana alfahari da cewa sautin wannan ya kusa kamo na 1980. Tun da na zauna a garin nan wannan ɗabi'a take ba ni mamaki, kuma ita ta sa nake yawan tuna situdiyoyin Zoo Road a Kano.

Ɗauki TR-808, akwatin ganga da kamfanin Roland na Japan ya fitar a 1980. Bai yi kasuwa ba. Makaɗa sun ce sautinsa bai yi kama da ganga ta gaskiya ba, kuma ba su yi ƙarya ba. Kimanin 12,000 aka ƙera aka tsaya, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne wani ɗan ƙaramin taransisto mai aibi da ake sa masa, wanda shi ke ba shi wannan ƙarar tasa, ya daina samuwa da masana'antu suka gyara aikinsu. Ƙaninsa TB-303 na 1981 ya fi shi shan wulaƙanci: an yi shi ne don ya maye gurbin mai kaɗa jitar bes, ya kasa, aka daina yin sa a 1984. Matasa baƙar fata a Chicago da Detroit da New York ne suka tsinci waɗannan kaya da arha a shagunan gwanjo, saboda abin da aljihunsu zai iya ke nan, suka gina kiɗan house da techno da hip-hop a kansu. Yau in ka ga na asali ana sayarwa a Jamus, maganar dubban Yuro ake yi, mai shi kuma yana lulluɓe shi da ƙyalle kada ƙura ta taɓa shi.

To me ya bambanta wannan labari da namu? A ganina babu. Lokacin da finafinan Hausa na bidiyo suka kankama a shekarun 1990, masu shirya su ba su da kuɗin ɗaukar makaɗa goma. Abin da ya samu shi ne fiyano, Casio da farko, daga baya jerin Yamaha PSR, kayan da aka ƙera don yara masu koyo da iyalai a falo. Mutum ɗaya zai zauna ya fitar da ganga da sarewa da wani abu mai kama da goge, mawaƙi da mawaƙiya su hau kai. Da wannan aka yi waƙoƙin fim, aka yi na biki, aka yi na siyasa, har masu bege da yawa suka ɗauka. Duk wanda ya taso a Kano ko Kaduna ko Maraɗi a wancan lokaci, daƙiƙa uku ta ishe shi ya gane wannan sauti daga rediyon mai shayi.

A Jamaika ma haka aka yi. Wani kiɗa da ke cikin ƙaramin Casio MT-40 tun daga masana'anta, wanda wata ma'aikaciyar kamfanin mai suna Okuda Hiroko ta tsara, shi aka ɗauka a 1985 aka yi Sleng Teng, kiɗan da ya juya reggae gaba ɗaya zuwa na'ura. Mutanen Jamaika suna ba da wannan labari da ƙirji a buɗe. Mu in an ce "kiɗan fiyano" sau da yawa raini ne a cikin maganar.

Na san hujjar masu rainin, kuma ba ta banza ba ce. Kalangu yana magana, yana bin hawa da saukar harshe, makaɗi yana matse tsarkiya ya kira sunan mutum da kirarinsa. Fiyano ba ya iya wannan sai dai ya kwatanta. Gaskiya ne kuma ya rage wa makaɗan kotso da kukuma da gurmi abinci a wuraren biki. Amma mu yi adalci: Shata da Ɗan Maraya suna nan a faifai, masana sun yi rubutu a kansu, jami'o'i sun tattara waƙoƙinsu. Wanda ba a tattara ba shi ne yaron da ya kwana a situdiyo yana danna maɓalli, wanda miliyoyin mutane suka yi rawa da aikinsa ba tare da sun san sunansa ba.

Labarin Mamman Sani na Nijar ya isa misali. A da ma'aikacin UNESCO ne, a wata tafiya ya sayi ogan na lantarki ƙirar Orla ta Italiya, ya koya wa kansa, ya riƙa fitar da amon Sahel a kai. A 1978 ya naɗi kundinsa a gidan rediyon ƙasa a Yamai, kaset ɗin da aka buga kuwa 'yan kaɗan ne. Shekara da shekaru ana jin kiɗansa tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin na Nijar. Sai da wani Ba'amurke, Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da kaset ɗin a Yamai ya sake fitar da shi a 2013 kafin duniya ta san shi, har aka fara gayyatarsa wasa a Turai. A shekarar ce kuma wani kamfani na New York ya tattara waƙoƙin William Onyeabor na Enugu, wanda ya yi aiki da na'urori irin su Moog tun ƙarshen shekarun 1970. Faifan mutanen nan biyu na gan su a shagunan faifai na Berlin. Ban ji haushin wanda ya fitar da su ba, aiki ya yi. Abin da ya dame ni shi ne kullum sai an zo daga waje.

Ba ina cewa mu koyi bautar ƙarfe irin ta mutanen Berlin ba ne. Akwai wauta a cikinta. Na san masu ɗaki cike da na'urori da ba su taɓa kammala waƙa ɗaya ba, alhali yaro a Kano da tsohuwar kwamfuta da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio zai gama uku kafin a ɗauke wuta. Kuma ajiye tsohon inji a gida ba wasa ba ne: ga zafi, ga ƙurar hunturu, ga wutar da ke zuwa da ƙarfi ta ƙona komai, ga janareta. Wanda ya sayar da tsohuwar PSR ɗinsa ya sayi sabuwa ba laifi ya yi ba, sana'a yake yi.

Abin da nake so a adana ya fi injin sauƙin ɓata. Akwai kaset na asali da CD da ke cikin kwalaye a bayan shaguna. Akwai ƙananan faifan fulofi da makaɗa suke ajiye salon kiɗan da suka tsara da hannunsu, waɗanda in sun lalace shi ke nan. Akwai su kansu makaɗan farko, da yawa suna raye, za su iya faɗin wace na'ura aka yi wace waƙa da ita da yadda suka lallaɓa ta har ta yi amon Hausa. Wannan aiki bai fi ƙarfin sashen Hausa ko na aikin jarida a Jami'ar Bayero ko Ahmadu Bello ba, bai ma fi ƙarfin ɗalibi ɗaya mai waya da haƙuri ba. Mu da ke waje kuma, kuɗin da ake zubarwa a liƙi a dare ɗaya zai sayi na'urar da za ta juye kaset ɗari zuwa kwamfuta, har ya biya wanda zai zauna ya yi aikin.