Kujera biyu ce a sabar, a daina barin jaka a kai

Masu kula da sabar (server, babbar kwamfutar da ake aiki da ita tare), akwai abin da ya daɗe yana damuna. Duk ranar da wani ya kasa shiga ta Remote Desktop, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa, sai a ce Microsoft ta cika rowa. E, Windows Server mutum biyu take bari su shiga lokaci guda don aikin kulawa, Windows 10 da 11 Pro kuwa mutum ɗaya ne tak. Amma ni dai a ganina rabin matsalar halinmu ne.

Mutum ya shiga da safe ya duba abu na minti biyar, ya bar tagar a buɗe ya tafi sabgarsa har yamma. Kujerar tana hannunsa. Kai mai aikin gaggawa sai sabar ta kawo maka sunayen mutanen da ke ciki, ka zaɓi wanda za ka kora. Na taɓa korar abokin aikina yana tsakiyar kwafe bayanai, kwana biyu ba ya amsa gaisuwata. Wasu kuma su danna X su ce sun fita, alhali manhajojinsu na nan suna cin RAM, wato ma'adanar aikin sabar. A zamanin Server 2003 ma irin wannan zaman na iya toshe ƙofar gaba ɗaya.

Maganin ba shi da wuya. Rubuta umarnin query session ka ga waɗanda ke ciki da lambar kowa, sannan logoff da lambar wanda ya yi barci. Mafi alheri, a shiga Group Policy, inda ake saita ƙa'idojin Windows, a sa iyakar lokaci ga zaman da ba a taɓawa da wanda aka katse.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne taɓa fayil ɗin termsrv.dll, mai kula da shiga ta Remote Desktop, don a buɗe ƙofa ga kowa. Ya saɓa wa lasisi, kuma sabuntawa ɗaya ta Windows tana iya rushe shi, sai a wayi gari kowa yana waje. In ma'aikata goma ne ke buƙatar aiki a ciki kullum, ai an wuce maganar kulawa. A ɗora Remote Desktop Services, tsarin da ke bai wa mutane da yawa damar shiga lokaci guda, a sayi CAL, wato lasisin shiga, na kowane mutum ko na kowace na'ura. Akwai rangwamen kwana 120 kafin a nemi lasisin, sai dai a rubuta ranar a inda za a gani, don shi ma mutane mantawa suke yi.