Lamba ba ta isa shaida ba sai an faɗi ma'auninta: darasi daga rigingimun mallakar fasahar poliyesta

A shekarar 2003 kamfanin Honeywell na Amurka ya sha kaye a wata shari'a kan zaren poliyesta, irin wanda ake sakawa cikin tayar mota don ya ƙara mata ƙarfi. Kamfanin na riƙe da takardar mallakar fasaha a kan hanyar sarrafa zaren, ya kuma nemi hukumar cinikayyar ƙasa da ƙasa ta Amurka ta hana shigo da zaren kamfanin Hyosung na Koriya ta Kudu, bisa zargin an ci masa iyaka. Takardar ta ce aikin da take karewa shi ne wanda zafin narkewar zaren ke ƙaruwa da adadi kaza a wani mataki. Lambobin suna nan a rubuce. Abin da aka yi shiru a kai shi ne yadda za a shirya ɗan guntun zaren kafin a sa shi a na'urar awo. Ashe hanyoyi huɗu ne: a naɗe shi, a yayyanka shi, a ɗaure shi kada ya motsa, ko a mulmule shi ya zama ɗan curi. Kowace hanya da irin sakamakonta. Zaren Hyosung ba ya faɗawa cikin lambobin Honeywell sai an bi hanyar curi, ita kuwa ba a taɓa wallafa ta ba, tana cikin takardun sirrin kamfanin. Kotun ɗaukaka ƙara mai sauraron irin waɗannan shari'o'i ta ce da'awar kamfanin, wato jimlar da ke shata iyakar haƙƙinsa a takardar, ba ta fito fili ba, don haka ba ta da ƙarfin doka.

Ina ganin kotun ta yi daidai. Ina kuma ganin duk ofishin da ke matsa wa masu neman mallakar robobi irin na poliyesta lamba su fayyace abin da suke nufi yana yin aikin da ya kamace shi, ko da masu ƙirƙira za su yi ta ƙorafin ana ja musu rai.

Takardar mallakar fasaha ciniki ce tsakanin mai ƙirƙira da al'umma. Shi zai bayyana sirrinsa, gwamnati kuma ta ba shi ikon hana kowa amfani da fasahar na tsawon shekara 20. A ƙarshen takardar akwai jerin jimloli masu lamba, su ne da'awowi, kuma su ne ke shata inda haƙƙinsa ya fara da inda ya tsaya. Injiniyan wani kamfani da ke shirin kafa masana'anta su zai karanta ya gane ko kayansa sun shiga hurumin wani. Sashe na 84 na yarjejeniyar mallakar fasaha ta Turai, wadda aka rattaba wa hannu a birnin Munik a 1973, ya ce dole da'awa ta kasance bayyananniya, taƙaitacciya, kuma bayanin da ke cikin takardar ya mara mata baya. Sashe na 112 na dokar mallakar fasaha ta Amurka ma kusan haka ya tanada.

To me ya sa poliyesta ke da wuyar sha'ani a wannan fage? Asalin PET, robar poliyesta da ake yin gorar ruwa da lemo da yadi da ita, sinadarai biyu ne: asid ɗin tereftalik da etilin gilaikol, suna kama hannun juna bi da bi har su zama doguwar sarƙa. John Whinfield da James Dickson ne suka fara haɗa ta a 1941, suna aiki da wani kamfanin buga yadi na Mancesta a Ingila. Wannan mallaka ta daɗe da ƙarewa, kowa na iya yin PET a yau. Inda kasuwa take yanzu shi ne gaurayawa: a cire kaɗan daga ɗayan sinadaran biyu a maye gurbinsa da na uku ko na huɗu, abin da masana ke kira kofolima. Ɗan asid ɗin aisoftalik kan hana gorar lemo yin hazo-hazo. Idan aka sa sinadarin CHDM, wanda shi ma gilaikol ne, da yawa sai a samu PETG, roba garai-garai mai sauƙin lanƙwasawa. Da kamfanin Eastman ya ƙara wani gilaikol na daban, sai ya fito da Tritan a 2007, wadda ke jure ruwan zafi fiye da PET. Tun da tubalan ginin kusan duk sanannu ne, abin da ke raba ƙirƙirar wannan da ta wancan yawanci adadi ne: kashi nawa na wane sinadari, tsawon sarƙa nawa, zafi nawa take ɗauka kafin ta yi laushi. Rigimar gaba ɗaya a kan lambobi take.

Mu ɗauki PETG da aka saba gani a kasuwa, wadda a cikin kowane ƙwayoyin gilaikol 100 kusan 30 na CHDM ne, 70 na etilin gilaikol. Mai rubuta da'awa zai ce tana da CHDM kashi 30 cikin 100. Amma ƙwayar CHDM ta fi ta etilin gilaikol nauyi fiye da ninki biyu, 144 da 62. Wanda ya auna gilaikol ɗin a sikeli zai samu CHDM ya kai kusan kashi 50. Wanda kuma ya ƙirga dukkan tubalan sarƙar, har da ɓangaren asid, zai samu kashi 15. Roba ɗaya ce, lambobi uku, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Idan da'awa ta ce "daga kashi 20 zuwa 40" ta tsaya a nan, wannan roba tana ciki ko tana waje? Kamar a rubuta takardar bashin hatsi ne a ce mudu goma, ba a faɗi ko mudun wace kasuwa ba. Ranar biya kowa zai zo da nasa. Shi ya sa ƙwararrun masu rubuta irin waɗannan takardu kan faɗa ƙarara cewa ɓangaren asid 100 ne, ɓangaren gilaikol ma 100 ne, kuma ƙidayar ƙwayoyi ake nufi. Jimla ɗaya ce tak, ba ta cin kuɗi. Tun farkon shekarun 1980 hukumar ɗaukaka ƙara ta ofishin mallakar fasaha na Turai ta yanke cewa da'awar haɗin da kasonsa bai tashi 100 cif ba ta gaza cika sharaɗin bayyana.

Akwai kuma abin da ke samuwa a tukunya ba tare da an zuba shi ba. Yayin dafa PET, wasu ƙwayoyin etilin gilaikol kan haɗe da junansu su zama dayetilin gilaikol, su shige cikin sarƙar da ɗan kaso kaɗan. Da'awar da ta ce robar ta ƙunshi sinadarai uku kaɗai ya kamata ta faɗi matsayin wannan baƙo, ta kuma faɗi ko kason da ta ambata na abin da aka zuba ne ko na abin da aka tarar a robar bayan an gama.

Batun tsawon sarƙa ya fi wannan sarƙaƙiya. A cikin ƙwayar roba guda akwai sarƙoƙi bila adadin, wasu gajeru wasu dogaye, saboda haka duk lambar da aka bayar matsakaici ce, matsakaicin kuwa iri-iri ne. Kamfanin magunguna na Teva ya ɗanɗana kuɗarsa a kan haka. Maganinsa Copaxone, wanda shi ma kofolima ne ko da yake ba poliyesta ba, an kare shi da da'awar da ta ce nauyin sarƙarsa kusan kilodalton (ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari) 5 zuwa 9 ne. Hanyoyin lissafa wannan nauyi uku ne, kuma sakamakonsu ya sha bamban. Da aka binciki wasiƙun da kamfanin ya aika wa ofishin rajista kan takardu biyu 'yan uwan wannan, sai aka ga a ɗaya ya ce hanya kaza yake nufi, a ɗayar ya ce wata daban. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta soke da'awar. A wannan shekarar dai ta yi wa kamfanin Dow irin wannan hukunci a rigimarsa da Nova kan robar poliyetilin, inda aka tarar akwai hanyoyi uku na auna abin da da'awar ta ambata, sannan masanin da Dow ya kawo shaida ya ƙirƙiro ta huɗu da kansa.

A masana'antar poliyesta an fi auna tsawon sarƙa ta hanyar narkar da robar a cikin wani ruwan sinadari a ga yadda ya yi kauri. Robar gora kan bayar da kusan 0.8, ta zaren yadi kusan 0.6. Sai dai lambar na sauyawa idan aka sauya ruwan ko zafinsa. Haka zafin da roba ke fara laushi: ya danganta da saurin ɗumama samfurin, digiri 10 a minti ɗaya ko 20, da kuma ko an auna a ɗumi na farko ko na biyu. Bambancin 'yan digiri ne, amma a gefen iyaka 'yan digirin nan su ne ke raba mai laifi da marar laifi.

Masu ganin an cika tsanani suna da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Suna cewa sabon abu wani lokaci sai da sabon ma'auni, domin tsofaffin ba su iya nuna abin da ya bambanta shi. Suna cewa ai takardar don ƙwararru aka rubuta ta, ƙwararre kuwa ya san abin da aka saba yi a ɗakin gwaji. Suna kuma cewa ƙaramin mai ƙirƙira, wanda ba shi da kuɗin ɗaukar manyan lauyoyi, shi tarkon zai fi kamawa. Kotun Ƙolin Amurka kanta, a shari'ar Nautilus da Biosig ta 2014, ta yarda harshe ba ya iya kaiwa ga cikakken daidaito. Abin da ta nema shi ne ƙwararre ya iya gane iyakar da tabbaci gwargwadon hankali.

Na yarda da duk wannan, amma bai taɓa ainihin matsalar ba. Babu wanda ya hana ƙirƙiro sabon ma'auni. Abin da aka ce shi ne a rubuta yadda ake yin awon. Inda hanya ɗaya ce kowa ya sani, ko duk hanyoyin na kaiwa ga amsa ɗaya, ofishin Turai ma ba ya tilasta a ambace ta. Inda hanyoyin suka saɓa, mai nema shi kaɗai ya san wadda ya bi a ɗakin gwajinsa, to a kan me zai ɓoye ta? Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce duhun da'awa riba ce ga mai ita. Yana iya miƙa ta ranar da yake neman kama abokin hamayya, ya kuma tsuke ta ranar da aka nuna masa wani ya riga shi. Ƙaramin mai masana'anta da ake cewa ana tausaya wa, shi ya fi cutuwa da wannan duhu, domin wasiƙar gargaɗi ɗaya daga babban kamfani ta isa ta sa ya dakatar da injinansa, ba shi da halin shekara da shekaru a kotu.

A nan tsarin Turai yana da wani giɓi da ke damuna. Bayan an bayar da takarda, kowa na da wata 9 ya ƙalubalance ta a ofishin, amma rashin bayyana ba ya cikin dalilan da aka yarda a kawo. Babbar hukumar ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2015 cewa ba za a duba wannan sharaɗi a lokacin ƙalubale ba sai idan gyaran da aka yi wa da'awar ne ya jawo duhun. Ke nan idan da'awa mai harshen damo ta kuɓuce wa jami'in bincike tun farko, ta wuce ke nan, sai dai masu ƙalubale su zagaya ta wata ƙofar, su ce bayanin bai isa a aiwatar da fasahar ba. Wannan ya ɗora nauyin kacokan a wuyan jami'in farko. Duk mai ƙorafin cewa jami'an binciken Turai na da tsaurin ido kan tambayar "da wace hanya aka auna?" ya tuna cewa bayansu babu wani mai gadin ƙofar.

Abin ya shafe mu ta wata fuska. Ana sarrafa ƙwayar PET a Fatakwal, ana hura gorori a Legas da Kano, kuma kamfanonin waje na yi wa fasahohinsu rajista a Abuja. Dokar mallakar fasaha da zane ta Najeriya, ta 1970, ta ce magatakarda ya duba cikar takardu kawai. Ba ya bincikar ko fasahar sabuwa ce, ko da'awar ta dace da bayanin da aka gabatar. Sai rigima ta tashi Babbar Kotun Tarayya ke duba waɗannan. Wato mai gadin farkon ma ba mu da shi. Duk lokacin da majalisa ta tashi gyara wannan doka, ya kamata ta rubuta sharaɗin bayyana da'awa a fili, ta sa shi cikin dalilan soke takarda, ta kuma wajabta cewa duk da'awar da ta jingina da wata lamba ta awo ta faɗi hanyar awon a cikin takardar tun ranar da aka shigar da ita.