Hular Baba ta tafi Apapa

Kwana uku da saukata Legas ƙanena ya ce zai kai ni Tarkwa Bay in ga teku. Na ce ni da na sha zuwa dam ɗin Tiga, wane ruwa kuma za a nuna mini? Na ɗauko shaddata mai sitaci, na kafa zanna-bukar ɗin da na aro wajen Baba, na zura takalmin Sallah. Yaron ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Yaya, ba fa ɗaurin aure za mu ba." Na ce ya rufe mini baki.

Ashe mota ba ta zuwa wurin. Sai da muka isa tashar jirgin ruwa ta CMS na ga kwalekwale mai inji yana jiranmu. Aka miƙo mini wata jiƙaƙƙiyar rigar ruwa mai ruwan lemo, na ɗora kan shadda, na fito sak ɗan kwangilar titi.

Muna tsakiyar ruwa wani ƙaton jirgin kwantena mai shiga tashar Apapa ya gifta, igiyar da ya bari ta ɗaga mu ta maka. Duk addu'ar da na sani sai da na karanta, har da ta shiga kasuwa. Hannu biyu na ƙanƙame benci, to wa zai riƙe hula? Iska ta yi gaba da ita. Na ce direba ya tsaya, ya faɗi wani abu da Yarbanci, jirgi duka aka bushe da dariya.

Wurin dai ya yi kyau, ba ƙarya. Dogon shingen duwatsun da Turawa suka jera sama da shekara 100 don kare mashigar tashar jirage, shi ke karya ƙarfin teku, har yara na wanka hankali kwance. Wannan lafawar ce ta yaudare ni. Na tuɓe takalmi na ajiye kan yashi, na naɗe wando, na shiga har idon sawu ana ɗaukata hoto. Ruwa kuwa na ta tasowa a hankali. Ina juyowa, takalmi ƙafa ɗaya ya rage.

Da silifas ɗin roba na dawo. Kafin mu sauka CMS yaron nan ya tura hotunan gida. Sai ga kiran Hajiya: "Kai, Babanku na tambaya, ina hularsa?"