Wai kimiyya ta ce mata ba su da kan lissafi?

Da zarar maganar lissafi ta taso, sai wani ya jefo cewa ai kimiyya ma ta tabbatar mata ba su da kansa. Malam, ba haka masanan suka ce ba, kuma su kansu har yau ba su gama rigimar ba.

Ba a kan matsakaicin maki ake jayayya ba. A 2008 masaniyar halayyar ɗan Adam Janet Hyde da abokan aikinta sun duba sakamakon ɗalibai kusan miliyan 7 a jihohi 10 na Amurka, suka tarar maza da mata kunnen doki suke. Inda gizo ke saƙa shi ne bakin gefuna biyu: makin maza ya ɗan fi warwatsuwa, sun fi yawa a can ƙololuwa, sun kuma fi yawa a can ƙasa. Gwajin basirar da aka yi wa 'yan shekara 11 a Sikotilan a 1932 ma haka ya nuna. Masu yi mana alfahari da ƙololuwa dai ban taɓa jin sun ambaci daƙiƙan aji ba, alhali lissafin ɗaya ne.

Wannan magana ce ta jawo wa Lawrence Summers, shugaban Jami'ar Harvard na lokacin, tsangwama a 2005, da ya ce wataƙila tana cikin dalilan ƙarancin mata a manyan kujerun kimiyya. Ni ban ga laifin tambayar ba. Amsar da ake gaggawar ba ta, wai halitta ce kawai, ita ce ba ta gamsar da ni ba.

A 1983 masu bincike Camilla Benbow da Julian Stanley sun duba yara 'yan ƙasa da shekara 13 da suka ci maki 700 ko fiye a lissafin SAT, jarrabawar neman shiga jami'a a Amurka. Duk mace 1, maza 13 ne. Bayan shekara 20 da ɗoriya, abin ya sauko wajen maza 3 a kan mace 1. To, wace halitta ce ke sauyawa haka kafin jariri ya gama jami'a? Abin da ya sauya a fili yake: 'yan mata sun riƙa shiga azuzuwan lissafi mai zurfi da a da ake bar wa maza. Giɓin bai rufe ba, gaskiya ne, kuma masu cewa da hannun halitta a nan suke kafa hujja.

Sai dai su yi mana bayanin jihar Minesota. A binciken Hyde, cikin kashi 1 bisa 100 na sama, Turawa maza 2 ne a kan mace 1, amma cikin 'yan asalin Asiya mata ne suka ɗan rinjaya. Jarrabawa ɗaya kuwa suka zauna.