Rubutu ma sai da ubangida

Jiya da dare a fadarmu nan Tawa, muna jiran shayi na biyu, gardama ta kaure. Wani abokina ya ce rubuta labari baiwa ce, ko an haife ka da ita ko babu, wai masu koyar da shi kuɗin mutane kawai suke ci. Har na kwanta maganar tana cina.

Na kawo masa misalin marubuci Helon Habila, ɗan Kaltungo ta jihar Gwambe a Nijeriya, haihuwar 1967. Ya karanta Turanci a Jami'ar Jos, ya koyar a Bauci, a 1999 ya tattara ya tafi Legas aikin jarida. Gajerun labaransa na farko shi ya buga abinsa a 2000, ɗaya daga ciki ya ci kyautar Caine ta gajerun labaran marubutan Afirka a 2001. Abokina ya tafa hannu: "Ka gani, baiwa!" To yau me mutumin yake yi? Koyar da rubuta labari yake a Jami'ar George Mason ta Amurka, shekara da shekaru. Wanda ya sha wuyar hanya da ƙafarsa, da ya san ba a nuna ta, zai ɓata lokacinsa a aji?

Amma ni ba Amurka ce ta dame ni ba. Ɗiyar yayata ce. Watan jiya ta kawo mini kaye uku cike da labari, da shuɗin bik, tana ɓoyewa cikin hijabi kamar ta yi sata, don mushenta, wato malaminta, ya ce ta bar shirme ta kama karatun BAC, jarrabawar gama sakandare. Labarin da rai, wallahi. Sai dai kowa a ciki bakinsa ɗaya: tsohuwa mai tallan fura tana magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Na ce mata, "In Kaka ta yi fushi, ya take cewa?" Ta kwaikwaye ta har da murguɗa baki, muka yi ta dariya. Na ce to rubuta wannan. Ta yi shiru, ta ce, "Kawu, ashe ana rubuta irin wannan?"

Minti goma ke nan, kuma ni ba marubuci ba ne. Yaron tela yakan shekara yana saka maɓalli kafin a miƙa masa almakashi, ba wanda ya ce ɗinki baiwa ce a ƙyale shi. Me ya sa sai mai alƙalami ake bari shi kaɗai?

Ran Asabar za ta kawo babi na biyu. Na riga na sayi jan bik.