Bindigar miliyoyi, garantin romon baka

Duk mai shagon da zai sayar wa mutumin Arewacin Kamaru bindigar farauta, ya kuma ɗaga masa takardar garanti yana murmushi, to ya ji tsoron Allah ya gaya masa gaskiya: ba domin mu aka rubuta takardar nan ba. An rubuta ta ne domin Baturen da ke zaune kusa da kamfanin, wanda zai naɗe bindigarsa ya aika, a dawo masa da ita kafin wata ya mutu. Mu da ke Garwa kuwa, kuɗin garantin muna biyansa cif a cikin farashi, amma ranar da muka buƙace shi sai a fara raina mana hankali.

Sana'ata ja-gorar baƙi masu farauta a ɗaya daga cikin dazuzzukan da gwamnati ke ba da haya tsakanin gandun dajin Faro da na Binuwai. Aiki ne na takarda da lasisi daga ma'aikatar gandun daji da namun daji, kowace dabba da kasonta, kowane harbi da lissafinsa. Da rani ake yinsa, daga Disamba har zuwa gab da faɗuwar damina, in ya wuce kuma sai baɗi. Baƙi na zuwa neman ɓauna da gwanki da kanki, amma babban abin da ke ɗauko su daga Turai da Amurka shi ne yamusa, kamar yadda Fulani ke kiranta, ƙatuwar dabbar nan da namijinta kan kusanci tan guda. Wasunsu ba sa son wahalar takardun shigo da bindiga, sai su yi hayar ta sansani. Wannan ya sa na tattara kuɗi, miliyoyin sefa, na sayi sabuwa fil a kwalinta, mai cin harsashin .375 H&H Magnum.

Sai ga shi sabuwar bindigar ba ta tara harbi wuri guda. Kada kowa ya ce mini wai harsashin ne mai wuyar sha'ani. Tun 1912 kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da shi, ya haura shekara 110 ana aiki da shi a dazukan Afirka, kuma ƙasashe da dama shi suka sa a matsayin mafi ƙanƙantar abin da za a tunkari dabba mai haɗari da shi. Kansa mai nauyin giram 19 da ɗoriya yana fita da gudun kusan mita 770 a daƙiƙa. Ba wani sirri da ya rage a cikinsa da maƙeran zamani ba su sani ba. Bindigar kuwa wani kamfani ne dabam ya ƙera ta, kuma shi da kansa ya buga a takardarsa cewa harbi uku za su taru cikin abin da suke kira MOA ɗaya, wato ƙasa da santimita 3 a nisan mita 100. Ban roƙe su wannan alkawari ba. Su suka rubuta, da shi suka ja hankalina, da shi kuma suka tsauwala farashi.

Abin da nake gani a kwalin gwaji shi ne ramuka a warwatse, faɗinsu ya haura santimita 12, kuma ba su da alƙibla. Da a ce duk hagu suke karkata, ko duk sama, da sai in murɗa madubin saiti in huta. Amma yau harbin farko ya sauka sama ta hagu, gobe da safe, bindiga ɗaya harsashi ɗaya, ya sauka ƙasa ta dama. Mafarauci kuma harbin farko shi ne nasa. Dabba ba ta tsayawa ta jira bututu ya ɗumama.

Da na buga wa dillalin waya a Kudu, ko gama bayani ban yi ba ya katse ni: “Alhaji, kafaɗarka ce. Magnum tana da duka, kowa yakan zabura kafin ya ja kunama.” Ga maganar da suke fara jefa wa kowa ke nan, don sun san mutum zai ji kunya ya yi shiru. Zabura gaskiya ce, na sha ganinta a jikin baƙi. Dukan da .375 ke yi wa kafaɗa ya kusa ninka na .30-06, wani harsashin farauta da bai kai shi ƙarfi ba, kuma wanda ya sha shi sau da yawa jikinsa kan riga harsashi motsi. To amma akwai hanyar gane ta. Na ɗora bindigar a kan buhunan yashi gaba da baya, na sa yaro ya riƙa ɗura mini ita ba tare da na san ko da harsashi ko babu ba, kuma duk sanda kunama ta faɗa a kan wofi bakin bindiga ko gezau. Na miƙa ta ga abokin aikina da ya fi ni hannu, shi ma ta watsa masa. A kan buhunan nan dai, a ranar nan dai, tsohuwar bindigar sansani da bututunta ya koɗe ta tara harbinta wuri guda. Kafaɗar tawa ce ke gyaruwa in na ɗauki tsohuwa, ta lalace in na ɗauki sabuwa?

Daga nan na bi ta gaɓa-gaɓa yadda duk mai sanin aiki zai yi. Na cire madubin na sa wani da na yarda da shi, na duba zobban da ke riƙe shi da gindinsu, domin dukan magnum na iya sassauta su ba ka sani ba. Na ɗaure kusoshin nan biyu da ke haɗa ƙarfe da katako daidai ƙarfin da littafin kamfanin ya ce, da sifana mai auna ɗauri. Na wanke bututun da maganin da ke cin jan ƙarfen da harsashi ke bari a ciki, har tsumma ya daina fitowa da shuɗi. Na daina harbi da rana tsaka, tunda a watan Maris zafin Garwa kan wuce digiri 40 kuma bututu mai zafi yana da nasa halin. Da sanyin asuba nake gwaji, ina barin ta ta huce tsakanin harbi da harbi. Na canza irin harsashi. Babu abin da ya sauya.

Sai da na zura takardar sefa dubu tsakanin bututu da katako abin ya fara bayyana. A wannan ƙirar, bisa faɗar su kansu, bututun bai kamata ya taɓa katako ba tun daga gaba har kusa da gindi, don ya samu ya yi rawarsa iri ɗaya a kowane harbi. Takardar ta wuce ta dama sumul, ta hagu ta maƙale. Na raba ƙarfe da katako, sai ga wurin da yake guga ya yi sheƙi. Ramin da harshen ƙarfen nan mai tare duka yake zama a ciki kuma ya yi masa yawa, har kana iya jin yana motsi da hannu, ma'ana duk harbi ƙarfen yakan zame ya zauna a sabon wuri. Na kuma duba leɓen bakin bututu da gilashin ƙara girma. Idan an yanke shi daidai, hayaƙin harbi kan bar zane mai kama da tauraro a zagaye, kowane reshe daidai da ɗan'uwansa. Nawa gefe ɗaya baƙi ƙirin, ɗaya gefen kamar ba a yi harbi ba. Iskar da ke tura harsashi tana riga fita ta gefe guda, tana karkatar da shi tun kafin ya yi taku ɗaya. Wannan ba aikin kafaɗa ba ne, ba kuma aikin ƙura ba. Daga masana'anta ta fito haka, kuma wani ya sa hannu cewa ya duba ta.

Na ɗauki hotunan komai na tura. Amsar dillali ita ce wai hunturu ne ya busar da katakon, garanti kuma bai shafi yanayi ba. E, katakon da ya sha raɓar bakin teku a Duwala in ya hau Arewa ya gamu da busasshiyar iskar Janairu zai iya motsawa, wannan kowane kafinta a Garwa ya sani. To amma wa ya sayar wa mutumin Garwa? Lokacin da kake ƙirga kuɗina ba ka ga adireshina a takardar izini ba? Kuma hunturu ne ya shiga ya yanke bakin bututu a karkace?

Ya ce in rubuta wa kamfanin. Na rubuta. Kamfanin ya amsa cikin ladabi mai sanyi, ya ce garanti a wajen ƙasarsu yana hannun wanda ya shigo da kayan. Na koma wa dillali, ya ce shi saye ya yi daga wani babban dillali a Turai, ba shi da wakilcin gyara. Na rubuta wa na Turan, ya ce ba shi ya sayar mini ba, bai san ni ba. Na sake komawa kamfanin, sai suka sauko da sharuɗɗa: sai an gwada da harsashin da su suka amince da shi, sai kuma an aika musu bindigar su harba da kansu, in ta cika ƙa'idarsu a wurinsu kuɗin zuwa da dawowa a wuyana. Harsashin da suka ambata ban taɓa ganin kwalinsa a ƙasar nan ba. Mu abin da ya samu muke saya, da takardar izini, a ƙirge, da tsadar da in ka ja kunama sai ka ji a aljihunka. Abin da na ƙona wajen tabbatar musu da aibin da su suka ƙera ya isa in ciyar da ma'aikatan sansani kwana da kwanaki.

Batun aikawa kuwa, wanda ya rubuta wannan sharaɗi bai taɓa taka ƙasar nan ba. Ƙarƙashin dokar makamai ta 14 ga Disamba 2016, saye da shigowa da riƙewa duk sai da izinin hukuma, kuma ba ni da ta cewa a kan haka. Ƙasar da ke fama da Boko Haram a Arewa Mai Nisa da masu garkuwa da mutane a Mayo-Rey da Adamawa dole ta san inda kowace bindiga ta kwana. Amma ka auna: takardar fitar da ita, kamfanin jigilar da zai yarda ya ɗauki makami, izinin shiga can ƙasar, sannan izinin sake shigo da ita nan, da ma'aikatan duwan, wato kwastan, a kowane gefe. Kafin ta je ta dawo kakar farauta ta wuce, wataƙila ta biye ma ta kama hanya. Dillalin ya san duk wannan tun ranar da yake nuna mini tambarin garanti da ɗan yatsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gyaran ba wani abu ba ne. Maƙerin bindiga da ya san hannunsa zai kankare inda katako ke guga, ya cike ramin harshen da ƙaron ifoksi ƙarfe ya zauna daram, ya sake yanke leɓen bututu daidai. Aikin yini ɗaya ko biyu. Amma a ƙasan takardar, da rubutun da sai ka sa tabarau, an ce duk wanda ya taɓa ta ba da izininsu ba garanti ya faɗi. In na gyara, sun wanke hannunsu, ko da gobe wani aibin ya ɓullo a cikin bututun. In ban gyara ba, ina riƙe da sandar miliyoyi. Gaba kura, baya sayaki.

Su a ofis suna ganin gardama ce a kan santimita. Tsohon mai bin sawunmu, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ya tsaya yana kallon kwalin gwajin, ya ce, “Maigida, da wannan za a shiga wa ɓauna?” Na ce, “A'a Baba, ba da ita ba.” Ya ce, “To madalla, don ni ne a gaba.” Shi ne a gaba kuwa. Santimita 12 a mita 100 ya zama 24 a mita 200, kafin ka ƙara numfashin baƙon da ya yi sa'o'i yana tafiya cikin rana. Wannan shi ne tazarar da ke tsakanin huhu da tumbi. Ɓaunar da aka harba a tumbi ba ta faɗuwa, takan shige dogon ciyawa ko duhuwar bakin rafi ta juyo ta jira, kuma wanda ke duƙe yana bin digon jini ba bindiga a hannunsa shi take fara gani. Yamusar da aka raunata ta ɓace ta shiga lissafin kaso, an biya kuɗinta, ta je ta mutu a banza kuraye su ci, ƙauyen da ke jiran rabon nama ya tashi a tutar babu. Baƙon kuma zai koma ƙasarsu ya ce sansanin wane bindigarsa ba ta da saiti, ba zai ambaci sunan kamfani ba, sunana zai ambata.

A Tarayyar Turai doka ta ɗora wa mai sayarwa alhakin kayansa har shekara 2, ba ya isa ya tura ka wurin maƙeri. Mu ma nan ba a daji muke ba. Akwai dokar kare mai saye ta 6 ga Mayu 2011, akwai sashe na 1641 na kundin dokar farar hula da ya ɗora wa mai sayarwa alhakin aibin da ke ɓoye a cikin kaya. Tun kafin waɗannan ma, a zauren karatu malamai sun gaya mana cewa wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da ba a nuna masa ba yana da zaɓin mayarwa. Dillalin dabbobi a kasuwar Adumri ya san wannan, balle mai shago da gilashi da na'urar sanyaya ɗaki.

Don haka ga abin da na rubuta masa, da hatimin ma'aikacin kotu a kai wannan karon, ba ta WhatsApp ba. Ko ya samo mini rubutaccen izini daga kamfanin cewa maƙeri a nan Kamaru ya yi gyaran a kan kuɗinsu ba tare da garanti ya faɗi ba, ko ya karɓi bindigarsa ya bi takardun da kansa ya ba ni wata da za a harba a gabana kafin in sa hannu, ko ya dawo mini da kuɗina har da na harsashin da na ƙona. Kwalayen gwajin suna nan a ajiye, kowanne da kwanan wata da nisa da irin harsashi da sa hannun shaida. Na ba shi zuwa ƙarshen Oktoba, domin a Nuwamba muke fara gyaran hanyoyin daji, kuma ba zan sake buɗe sansani da bindigar aro ba alhali tawa na kulle a akwati.