Ƙarar fanka ta fi waƙa lokacin nazari

Ƙanwata da ke shirin jarrabawar JAMB a Kano ta turo mini saƙo makon jiya: "Yaya, wace waƙa zan riƙa sawa a kunne idan ina karatu?" Na ce mata kar ta sa ko ɗaya mai magana a ciki. Ta ce zaman Madina ya sa na tsaurara. Ba haka ba ne, ni ma gwadawa na yi.

Shekara uku ke nan ina karatu a nan, kuma abin da ya fara wahalar da ni ba zafin gari ba ne. Shiru ne. A gida dare ba ya rasa janaretan maƙwabta, da rediyon mai shayi, da adaidaita sahu, kuma a haka muka ci jarrabawa. A nan kuwa ɗakin karatu tsit, sai gurnanin na'urar sanyaya ɗaki. Sai na fara sa waƙoƙin Hausa don kewar gida. Shafi ɗaya na nahawu sai in yi rabin sa'a a kansa, ido na kan littafi, baki na bin amshi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai karatu maimaita kalmomi yake yi a zuciyarsa, mawaƙi kuma yana zuba masa wasu kalmomin ta hanya guda. Idan da harshenka yake yi, ya gama da kai, domin kunne ba ya iya ƙin jin Hausa. Ku tuna makarantar allo: yara hamsin na ɗaga murya lokaci ɗaya, amma kowa na riƙe nasa, saboda muryoyin sun cakuɗe sun zama guguwa guda wadda ba a tsintar kalma a cikinta.

Wani abokina ɗan Indunusiya ya rantse da kiɗan Mozart, wani makaɗin Turai na da, wai yana ƙara basira. Asalin zancen wani bincike ne da aka yi a Amurka a 1993, inda ɗalibai suka saurara na minti 10 kafin wani gwaji na siffofi. Ɗan ƙarin da aka gani bai wuce minti 15 ba, kuma ba suna cikin karatu suka saurara ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wata al'ada da na gani a nan da can gida: a kunna karatun Alƙur'ani ƙasa-ƙasa, a buɗe littafin lissafi ko fiƙihu. Aya ta 204 a Suratul A'araf ta umarci a saurara a yi shiru idan ana karanta shi. Ni dai ban ga yadda za a mayar da shi abin cike shiru ba. Batun hukuncin kiɗa kuwa na bar wa malamai, sun daɗe suna kai.

Yanzu ƙarar ruwan sama nake sawa a waya, irin wanda ke dukan kwanon rufi a watan Agusta. A garin da ruwa ba ya sauka sai jefi-jefi, abin dariya ne, amma yana mini aiki. Idan hadda ce, komai nake kashewa in karanta da murya.

Ƙanwata ta ce ita fanka take da ita. Na ce ta wadatar, in dai an kawo wuta.